Ƙetare Ruwa da Babur a Lokacin Ambaliya: Abin da Ya Kamata Mahayi Ya Sani

Kamar yadda jama'a suka sani, daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, musamman a lokacin marka, hanyoyi da dama a arewacin ƙasar nan kan koma tamkar rafuka. Ruwa kan haye kwalbatoci, ya shafe burji, wani lokaci ma ya yanke kwalta ɗungurungum. A ambaliyar 2012 Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta ƙiyasta mutum 363 ne suka rasa rayukansu, a 2022 kuwa adadin ya haura 600, kuma a shekarun biyu ruwa ya datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja har na tsawon kwanaki. A Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na Jihar Bauchi, sannan a Satumbar wannan shekara madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye garin Maiduguri. A duk irin wannan hali, motoci kan tsaya, amma mai babur kan ga kamar shi yana da dabarar wucewa. To, wannan tunani ne ya sa aka ga dacewar yin bayani dalla-dalla a kan yadda ake tunkarar ruwa da babur, da kuma lokacin da ya wajaba mahayi ya haƙura ya juya.

Bayanin ya fi karkata ga manyan baburan doguwar tafiya, irin waɗanda aka ƙera domin kwalta da daji baki ɗaya, kamar BMW GS da Honda Africa Twin da Yamaha Ténéré. Wannan na ƙarshe ma sunansa ya samo ne daga hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, domin kuwa tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disambar 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai tun a karon farko, kuma daga wannan tsere ne irin waɗannan babura suka samu karɓuwa a duniya. Matasa da ma'aikata masu zirga-zirga tsakanin jihohi sun fara mallakarsu a nan gida. Duk da haka, kusan duk abin da za a faɗa ya shafi mai Bajaj Boxer ko Jincheng da ke kai kaya kasuwar ƙauye, tunda ruwa bai san tsadar babur ba.

Ƙarfin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya gare ta. Duk wanda ya taɓa ɗaga jarka mai lita 25 daga kurar mai ruwa ya san abin da ake nufi. Idan aka tara ruwa a wuri mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, nauyinsa ya kai kilo 1,000. Wannan nauyi ne ke tafe a guje yana bugun gefen babur da ƙafafun mahayi. Bugu da ƙari, idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa kan ninka sau huɗu ne, shi ya sa mashigin da aka ƙetare lafiya da hantsi kan iya zama ajali da la'asar alhali zurfin bai ƙaru da yawa ba. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato kaɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota.

Akwai kuma wani abu da mahaya ba su cika lura da shi ba. Duk abin da ya shiga ruwa nauyinsa kan ragu, don haka taya ba ta danne ƙasa yadda ta saba. Ga shi ruwa na turi daga gefe, ga shi taya ta rage kamu, a ƙarƙashi kuma yashi ne ko laka ko siminti mai gansakuka. Babur mai ƙafa biyu ne kawai, da zarar ta gaba ta zame shi ke nan.

Masu manyan babura kan ɗauka tsayin baburansu da girman tayar gaba, wadda ke kaiwa inci 19 ko 21, sun wadatar. Gaskiya ne suna da amfani a kan duwatsu da ramuka, amma akwai farashi. Ténéré 700 ya ɗan haura kilo 200 idan tankinsa na cike, manyan BMW GS kuwa kan kai kilo 250 ko fiye, kafin a ɗora akwatuna da kaya. Ƙaramin babur na haya kusan rabin wannan ne. Idan Boxer ya kwanta a ruwa mutum ɗaya kan iya tayar da shi, idan GS ya kwanta a kan ƙafar mai shi cikin ruwa mai kai wa gwiwa, to sai dai Allah Ya kawo masu ceto da wuri.

Abin da ruwa ke yi wa inji

Inji yana shaƙar iska ne ta wata kafa da ke kaiwa ga akwatin matatar iska, ya gauraya ta da fetur, fistin ya matse su har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya kunna wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya bi ta wannan kafa ya shiga silinda, fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya ja da baya, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta fasa jikin injin. A babur mai inji 100cc, sararin da ke saura a saman fistin idan ya kai ƙololuwa bai cika babban cokali ɗaya ba. Ke nan ruwan da bai isa a kurkure baki da shi ba ya isa ya jawo sauke inji.

Saboda haka wajibi ne kowane mahayi ya san inda babur ɗinsa ke shaƙar iska tun kafin damina ta kankama. A wasu baburan kafar tana ƙarƙashin kujera, a wasu tana ƙarƙashin tanki, a wasu kuma tana gefe, ƙasa da inda mai shi ke zato. Wanda bai sani ba ya tambayi bakanike ya nuna masa, sannan ya tsaya kusa da babur ɗin ya auna a jikinsa inda kafar ta kawo masa, ko gwiwa ko cinya. Wannan ma'auni shi zai yi masa amfani a bakin ruwa. Kuma ba a jira sai ruwa ya kai daidai kafar, domin tayar gaba kan tura igiyar ruwa da ke hawa sama da ainihin zurfin, don haka a bar tazarar da ba ta gaza taƙi guda ba.

Salansa ba ta da hatsari kamar kafar iska muddin inji na aiki, saboda hayaƙin da ke fita na hana ruwa shiga. Matsalarta kan taso ne idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa. Baburan da ke da kafireta kuma suna da 'yan siraran robobin numfashi da ke rataye a ƙasan inji, idan bakinsu ya nutse na ɗan lokaci sai man ya daina sauka daidai, injin ya fara shaƙewa ya mutu, alhali ruwa bai kai ko'ina ba. Bakanike na iya ɗaga bakin ɗaya daga cikinsu zuwa ƙarƙashin kujera, aiki ne na 'yan mintuna.

Kafin a shiga

A nan ne ake tsira, a nan ne kuma ake halaka. Idan mahayi ya iso bakin ruwa, ya tsaya, ya kashe inji, ya sauka. Tsayawar ma tana da wata fa'ida, domin ƙarfe mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi farat ɗaya iskar da ke cikinsa kan tsuke, ta zuƙo ruwa ta kafofin numfashi da gefen boris.

Abu na farko da za a duba shi ne ko ruwan tsaye yake ko tafe yake. A jefa kara ko ganye a gani. Idan yana tafiya fiye da saurin mai tafiya a ƙafa, kuma zurfin ya kai gwiwa, babu wata dabarar tuƙi da za ta yi amfani, sai haƙuri. Na biyu, a duba ko ƙaruwa yake yi ko raguwa. A kafa tsinke a daidai bakin ruwan, a jira minti goma. Ruwan da ya yi jajawur, yana ɗauke da karare da rassa da shara, alama ce ta cewa an tafka ruwan sama a can gaba, ko da a nan inda ake tsaye rana ake ƙwallawa. Koramun da ke bushe wata takwas a shekara su suka fi yin wannan ba-zata. Sau da yawa irin wannan ruwa kan janye cikin 'yan sa'o'i, wanda ya zauna gindin bishiya ya jira zai wuce da busassun kaya. Amma ruwan da ya fito daga tumbatsar kogi ko sakin madatsa, kamar yadda ake gani a kwarin Kogin Haɗeja wajen Auyo da Kafin Hausa da Guri, ko a gaɓar Binuwai idan an buɗe madatsar Lagdo ta Kamaru, wannan kan yi makonni, jira a bakinsa ba shi da amfani, sai a nemi wata hanya ko a saka babur a kwale-kwalen 'yan fito.

Mutanen garin da ke kusa su ne suka san mashigi. Sun san inda rami yake, da inda yashi ke cin ƙafa, da gefen da kwalbati ya rufta bara. Gaisuwa da tambaya ba su rage wa kowa komai. Sai dai a yi hattara da zugar samarin da kan taru a irin waɗannan wurare suna cewa a shigo kawai babu komai, wasunsu kuɗin turi suke hange. Zai fi kyau a tsaya a ga wani ya ƙetare, a lura da inda ruwan ya kawo wa babur ɗinsa da kuma layin da ya bi.

Idan ruwan ya nuna alamar zai ƙetaru, to mahayi ya fara takawa da ƙafarsa da doguwar sanda a hannu, yana dogarawa yana lalube, da takalmi a ƙafa saboda kwalabe da ƙarafa. Ya bi ainihin layin da tayoyinsa za su bi, har ya fita ɗaya gefen, ya kuma duba mafitar: gangare mai laka ko gaɓa mai tsayi ta sha mayar da mahayi cikin ruwa bayan ya ɗauka ya gama. Ƙa'idar a nan gajeriya ce. Ruwan da mutum ba zai iya takawa cikin natsuwa ba, ba zai iya ƙetare shi da babur ba.

Game da zurfi, abin da bai kai cibiyar taya ba mai sauƙi ne ga kowane babur. Daga cibiyar taya zuwa tsakiyar inji ana iya wucewa da kula idan ruwan tsaye yake kuma ƙasan da ƙarfi. Abin da ya haura haka ya shiga haddin kafar iska.

Fasinja ya sauka, ko da kuwa tsoho ne ko mace mai goyo, a riƙa hannunsu a ƙetarar da su daban. Babu hujjar shiga ruwa da yaro a kan tanki. Buhuna da akwatunan gefe a sauke su a kai da ka, domin suna ƙara faɗin da ruwa zai tura, akwati rufaffe kuma kan yi ƙoƙarin tasowa ya ɗage tayar baya. Mai jakar goyo ya kwance maɗaurinta na ƙirji da na ƙugu yadda zai iya yar da ita nan take. Waya da takardun babur a ƙulle su cikin leda.

Cikin ruwa

Ana shiga ne da giya ta ɗaya, a hankali, ba tare da an faɗa wa ruwan da gudu ba. Masu shiga a guje domin ruwa ya tarwatse su burge 'yan kallo suna jefa ruwa ne kai tsaye cikin matatar iska da kan fulogi, kuma idan tayar gaba ta ci karo da dutse a wannan gudun, ta kan babur za a wuntsila. Saurin da ake so shi ne kamar na mai sassarfa, wanda zai tayar da 'yar ƙaramar igiya a gaban taya, babur na biye da ita. A riƙe totur a wuri ɗaya, injin na ɗan ɗaga murya, a riƙa daidaita gudu da kuloci. Ba a sauya giya a tsakiya, ba a kuma sakin totur, domin a nan ne inji kan mutu. Birkin gaba a bar shi, idan da buƙata a taɓa na baya kaɗan. Masu baburan zamani su kashe na'urar da ke rage wa inji ƙarfi idan tayar baya ta fara sulɓi, tunda a cikin ruwa za ta yanke ƙarfin ne daidai lokacin da ake nemansa.

Ido ya kasance a kan mafita. Wanda ya zuba wa ruwa mai gudu ido kan ji kamar jiri, jikinsa ya fara bin ruwan bai sani ba. Ƙwararru kan tsaya a kan matakan ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannu sakwa-sakwa, domin babur ya yi motsinsa a ƙarƙashinsu idan ya hau dutse. A ganina, wanda bai saba da wannan tsayuwa a busasshiyar ƙasa ba kada ya fara koyonta a cikin ruwa. Ya zauna, ƙafafunsa a shirye su dafa ƙasa, babu abin kunya a ciki. Idan akwai ɗan gudu a ruwan, a fara daga sama kaɗan a nufi mafita a karkace ana bin ruwan, ya fi a yi ta kokawa da shi.

Inda ƙasan ke da duwatsu ko santsi, tura babur ya fi hawansa. Mai turi ya tsaya ta gefen da ruwan ke fitowa, yadda idan babur ya faɗi zai faɗi nesa da shi ne, ba ya danne shi ba. Babban babur na son mutum biyu ko uku. Kuma ko ana kai ko ana turi, babban yatsa ya zauna kusa da maɓallin kashe inji. Da zarar an ji babur zai kwanta, a kashe tun bai taɓa ruwa ba. Idan kuma ruwa ya fara jan babur, a sake shi. An sha rasa rai wajen riƙon abin da kuɗi ke iya mayarwa.

Ambaliyar cikin gari

Ruwan cikin birni ya fi na daji yaudara, saboda mutum na ganin ya san titin. Amma ruwa idan ya shafe titi, ba a bambance kwalta da lambatu, kuma ɓarayin ƙarafa sun kwashe murafan ramukan magudanai da dama. A bi tsakiyar titi inda ya fi tudu, a nisanci gefe da bakin kwalbati, inda ruwa ke juyawa yana zuƙar duk abin da ya matso. Kada a bi bayan tifa ko tirela, kada kuma a yi kiciɓis da su a tsakiya, domin igiyar da suke tayarwa ta isa ta kayar da babur ko ta cika masa akwatin iska. Inda aka ga turken lantarki ya karkata ko waya ta faɗo, a ɗauka akwai wuta a ruwan. Haka nan ruwan ya gauraya da na masai da kwata, don haka a wanke jiki da sabulu bayan an fita, mai rauni a ƙafa kuma ya je a duba shi. Da dare kuwa, fitilar babur saman ruwa kawai take haskawa, ba ta nuna zurfi ko gudu, shawara ita ce a kwana inda dare ya yi.

Bayan an fita, da kuma idan babur ya sha ruwa

Birki jiƙaƙƙe ba ya kamawa, musamman irin na ganga da ke kan yawancin ƙananan babura. A yi tafiya a hankali ana ɗan matsa shi har ya bushe kafin a ƙara gudu. In an isa gida a wanke laka, a sa wa sarƙa mai, a duba baƙin mai. Idan ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai a juye shi.

Idan kuwa babur ya mutu a cikin ruwa ko ya kwanta, babban kuskure shi ne a yi ta buga kik ko danna sitata domin a ga ko zai tashi. Sau da yawa wannan gwajin ne ke lanƙwasa sandar fistin, ba faɗuwar ba. A turo shi tudu tukuna. A buɗe akwatin iska a zubar da ruwan ciki, a cire matatar, idan ta soso ce a matse ta a shanya, idan ta takarda ce ta jiƙe sai sabuwa. A kwance fulogi, duka idan sun fi ɗaya. A samu masu taimako a ɗaga gaban babur sama domin ruwan salansa ya zubo. Daga nan, fulogi na waje, a buga kik ko a juya injin har ruwa ya daina feshowa ta ramin fulogin, ana kawar da fuska da kuma duk wani abu mai tartsatsi, tunda akwai fetur a cikin feshin. A kwance ɗan kusar da ke ƙasan kafireta a tsiyaye abin da ke ciki har fetur zalla ya fito. A goge fulogi ya bushe a mayar. Idan baƙin man ya gauraya da ruwa, a canza shi kafin a yi nisa, a sake canzawa bayan inji ya yi aiki na ɗan lokaci, har sai ya fito da launinsa. Ruwan ambaliya yana ɗauke da yashi mai laushi da ke cinye inji a hankali, saboda haka ko babur ya tashi lafiya, a kai shi gareji a duba boris na tayoyi da mahaɗan wayoyi, masu baburan da ke juya tayar baya da sanda maimakon sarƙa kuma a duba musu man da ke cikin wannan akwati. Wannan ya sa ya dace a riƙa tafiya da sifanar fulogi, da fulogi na ajiya, da igiya mai ƙarfi a duk tsawon damina.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya, gidajen rediyo na kuma sanar da su da Hausa. Mai shirin doguwar tafiya ya saurara, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, ya kuma shaida wa iyalinsa hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa. Idan hatsari ya auku, ana kiran lambar gaggawa ta ƙasa 112, ko ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 122, dukkansu kyauta.